Yadda masana ke auna kaurin ruwa da tafiyar zafi a cikin kwamfuta

Tun daga shekarun 1950 masana kimiyya suke kwaikwayon motsin ƙwayoyin zarra a kwamfuta domin gano abin da ya sa wani ruwa ya fi wani kauri, ko wani abu ya fi wani saurin isar da zafi. To amma lambar da na'urar ke bayarwa ba a karɓarta ido rufe.

Duk wanda ya taɓa tsiyayar zuma daga kwalba ya san ba ta da sauri irin na ruwa. Haka nan wanda ya bar cokalin ƙarfe cikin shayi mai zafi ya san abin da zai tarar idan ya dawo ya kama shi, alhali ludayin duma sai ya daɗe cikin kunu bai ƙona hannu ba. Idan kuma aka jefa sukari cikin kofi ba a motsa ba, zaƙin yakan jima a ƙasa kafin ya hau sama.

Waɗannan abubuwa uku, wato kauri da isar da zafi da bazuwa, masana kimiyyar fiziks suna haɗa su a babi guda da suke kira siffofin jigila, saboda a kowannensu akwai abin da ake ɗauka daga wani wuri zuwa wani. A bazuwa, ƙwayoyin abu ne da kansu suke ƙaura. A isar da zafi, makamashi ne ke tafiya. A kauri kuwa ƙarfin motsi ne ke ratsawa daga sashen ruwan da ke gudu zuwa sashen da ke tsaye.

An daɗe da sanin dokokin da ke bayyana su. Isaac Newton ya yi maganar kauri a 1687, Joseph Fourier na Faransa ya wallafa dokar tafiyar zafi a 1822, sannan Adolf Fick na Jamus ya fitar da ta bazuwa a 1855. Dukkansu ƙira ɗaya gare su: gwargwadon bambancin da ke tsakanin wurare biyu, gwargwadon abin da zai gudana a tsakaninsu. Sai dai kowace doka tana ɗauke da wata lamba wadda ta keɓanta da kowane abu, kuma dokar ba ta faɗin ko nawa ce, sai an auna. A ma'aunin da aka saba amfani da shi, kaurin ruwa a digiri 20 na Selshiyos ya kama kusan 1, na man zaitun kusan 80, na zuma kuwa dubbai ne. A ma'aunin isar da zafi, iska tana da 0.026, ruwa 0.6, jan ƙarfe kusan 400.

Tambayar da ta ɗauki hankalin masana sama da shekaru 150 ita ce, shin za a iya samo waɗannan lambobi ta lissafi kawai, daga sanin yadda ƙwayoyin zarra ke jan juna da tura juna, ba tare da an taɓa abin da hannu ba?

Daga ƙwayar zarra zuwa lamba

Ɗigo ɗaya na ruwa yana ƙunshe da molekul, wato gungun ƙwayoyin zarra da suka haɗu, sama da biliyan sau tiriliyan. Babu mai iya bin diddigin kowannensu. A saboda haka a ƙarni na 19 aka kafa wani reshe na fiziks wanda ke haɗa dokokin motsi da ilimin ƙididdiga: maimakon a tambayi inda ƙwaya kaza take, sai a tambayi abin da taron ƙwayoyin ke yi a jimlace.

James Clerk Maxwell na Sikotlan shi ne ya fara cin gajiyar wannan hanya a 1860, inda lissafinsa ya nuna cewar kaurin iskar gas bai dogara da yawan cunkosonta ba. Abin ya ba shi mamaki ƙwarai, har ya kafa na'urar gwaji a ɗakin saman gidansa da ke Landan, matarsa Katherine tana taimaka masa, kuma sakamakon da ya wallafa a 1866 ya gaskata lissafin. Ludwig Boltzmann na Ostiriya ya ɗora a kai a 1872 da wani lissafi mai bayyana karon da ƙwayoyin gas ke yi da juna.

A 1905 Albert Einstein ya yi bayanin rawar da ƙananan ɓarɓashi ke yi a cikin ruwa, wadda Robert Brown ya gani ta madubin ƙara girma tun a 1827. Ya nuna cewar ƙwayar da ake bangaza ta ko'ina ba ta yin nisa daidai da lokacin da ta ɗauka: idan lokaci ya ninka sau 4, nisan sau 2 kaɗai yake ninkawa. Molekul ɗin ruwa a digiri 25 yakan yi nisan kimanin kashi ɗaya cikin goma na milimita a daƙiƙa guda, amma kafin ya yi santimita 1 sai ya kwashe kusan awa 2, santimita 10 kuwa sai ya haura kwana 8. Dalilin da ya sa ake motsa shayi ke nan.

Lissafin Boltzmann ya yi aiki sosai ga iskar gas, inda ƙwayoyi ke nesa da juna kuma suke karo biyu-biyu. A cikin abu mai ruwa-ruwa kuwa kowace ƙwaya a takure take tsakanin maƙwabta da dama a lokaci guda, kuma a nan alƙalami da takarda suka gaza.

Akwatin da ba shi da bango

Aikin kwamfuta a wannan fage ba shi da wuyar faɗi. Ana zuba ƙwayoyi ɗaruruwa ko dubbai a cikin wani akwati na lissafi, a ba kowace wuri da gudu, a faɗa wa na'ura ƙa'idar ƙarfin da ke tsakaninsu. Sai ta lissafa ƙarfin da ke kan kowace ƙwaya, ta matsar da ita kaɗan bisa dokokin Newton, ta sake lissafawa, haka dai ba ƙaƙƙautawa. Kowane taki yakan zama femtodaƙiƙa 1 ko 2, wato kashi ɗaya cikin miliyan sau biliyan na daƙiƙa. Taki miliyan guda bai wuce nanodaƙiƙa 1 ko 2 ba, nanodaƙiƙa kuwa kashi ɗaya ce cikin biliyan na daƙiƙa.

Akwatin ƙarami ne ainun. Molekul 1,000 na ruwa suna shiga akwati mai faɗin nanomita 3 da 'yan kai, alhali a milimita ɗaya akwai nanomita miliyan guda. Da za a yi masa bango, da kaso mai yawa na ƙwayoyin sun manne a jikinsa, abin da za a auna ya zama halin bango ba halin ruwa ba. Dabarar da ake yi ita ce a ɗauka akwatin yana kewaye da kwafinsa ta kowace fuska: ƙwayar da ta fita ta dama sai ta shigo ta hagu, wadda ta fita ta sama ta ɓullo ta ƙasa.

Berni Alder da Thomas Wainwright ne suka buɗe wannan fage a 1957 a cibiyar bincike ta Livermore da ke Kalifoniya, da ƙwayoyi masu tauri kamar ƙwallaye, 32 ko 108, kuma Mary Ann Mansigh ta yi shekaru tana rubuta musu manhajojin aikin. A 1964 Aneesur Rahman, haifaffen Haidarabad ta Indiya wanda ke aiki a cibiyar Argonne kusa da Shikago, ya kwaikwayi ƙwayoyi 864 na iskar argon da aka sanyaya zuwa kimanin digiri 179 ƙasa da sifiri har ta zama ruwa. Lambar bazuwar da ya samu ta yi kusa da wadda aka auna a ɗakin gwaji. Da yawa daga cikin masana suna ɗaukar wannan aiki a matsayin mafarin kwaikwayon ruwa na gaske, kuma ƙungiyar masana fiziks ta Amurka tana ba da lambar yabo da sunan Rahman, wanda ya rasu a 1987. Shi ne kuma, tare da Frank Stillinger, ya kwaikwayi molekul 216 na ruwa a 1971.

Hanya ta farko: a zura ido

Abin da ake kira halin daidaito shi ne a bar abu ya zauna, zafinsa ɗaya ko'ina, babu abin da ke gudana ta wata fuska. Mai karatu zai iya tambaya, ta yaya za a san kaurin ruwan da ba ya tafiya?

Amsar ta samo asali daga Lars Onsager, ɗan asalin Norwe, a 1931. Ko a cikin ruwan da ke kwance, ƙwayoyin ba su daina kai-komo, saboda haka a kowane lokaci wani lungu yakan ɗan fi wani zafi ko gudu, sannan bambancin ya gushe. Onsager ya ce ruwa bai san ko wannan ɗan bambanci da kansa ya taso ba ko wani ne ya haddasa shi daga waje, don haka doka ɗaya ce ke shafe duka biyun. Wanda ya lura da yadda ƙananan girgizar nan ke lafawa, ya san yadda ruwan zai amsa idan aka tura shi. Onsager ya samu lambar Nobel a 1968.

Melville Green na Amurka a 1952 da 1954, da Ryogo Kubo na Japan a 1957, suka mayar da wannan tunani lissafi tsararre, wanda har yanzu ake kira da sunansu. A taƙaice, lissafin yana auna tsawon tunawa ne. Idan ƙwaya tana tafiya gabas yanzu, har zuwa yaushe za ta ci gaba da ɗauke da wani abu na wannan tafiya kafin karo ya mantar da ita? A tara wannan tunawa tun daga farko har ta ƙare, sai a samu lambar bazuwa. A yi haka ga matsin da sassan ruwa ke yi wa juna a karkace, sai a samu kauri. A yi wa kwararar makamashi, sai a samu isar da zafi. Rahman ya ga wani abu mai ban sha'awa a nan: bayan ɗan lokaci ƙwayar argon takan juyo baya, domin maƙwabtanta sun yi mata shinge.

Kyawun wannan hanya shi ne ba a taɓa ruwan ko kaɗan. Aibinta hayaniya. Ga bazuwa da sauƙi, tunda kowace ƙwaya shaida ce mai zaman kanta, akwati mai ƙwayoyi 1,000 ya ba da shaidu 1,000. Amma kauri da isar da zafi siffofi ne na taron gaba ɗaya, akwatin duka shaida ɗaya ne. Kuma ƙarshen tunawar, inda ta yi rauni har ta kusa ɓacewa cikin hayaniya, nan ne sau da yawa wani kaso mai muhimmanci na amsar yake. Ga ruwa mai kauri sosai, tunawar takan fi lokacin da kwamfutar za ta iya kwaikwaya tsawo.

Hanya ta biyu: a tura shi

A farkon shekarun 1970 wasu masana suka ce, tunda a ɗakin gwaji tura ruwa ake yi a ga yadda zai ƙi, me zai hana a yi haka a kwamfuta? Wannan shi ne kwaikwayo a halin rashin daidaito. William Ashurst da William Hoover a Kalifoniya sun sa ruwan lissafi tsakanin sassa biyu masu tafiya a fuskoki mabambanta, suka auna ƙarfin da ruwan ke turjewa da shi, suka wallafa a 1975. Da fari kaurin da suka samu bai zo ɗaya da wanda wata ƙungiya a Faransa ta samu ta hanyar Green da Kubo a 1973 ba, sai da kwamfutoci suka ƙara ƙarfi aka yi kwaikwayo masu tsawo kafin hanyoyin biyu su haɗu.

A 1972 A. W. Lees da Sam Edwards a Birtaniya suka kawo dabarar da ta kawar da bango baki ɗaya. A ɗauki kwafin akwatunan nan kamar jerin bulo a gini: jerin tsakiya yana tsaye, na sama yana zamewa dama, na ƙasa yana zamewa hagu. Ƙwayar da ta fita ta sama sai ta shigo ta ƙasa a wurin da ya goce kaɗan, da gudun da aka gyara. Ta haka ruwan yana zamiya ko'ina daidai, ba tare da ya taɓa wani bango ba. Hoover da abokan aikinsa sun ƙara da wani tsarin lissafin motsi a 1980 wanda suka raɗa wa suna DOLLS. A 1984 Denis Evans da Gary Morriss na Jami'ar Ƙasa ta Ostireliya da ke Kanbera suka nuna cewar sai an juya wani sashe na lissafin kafin ya yi daidai idan turin ya yi ƙarfi, saboda haka suka juya sunan ma ya koma SLLOD, kuma da shi ake aiki har yau.

To amma fa a nan babbar matsalar wannan hanya take, kuma ya kamata a tsaya a kanta. Molekul ɗin ruwa a zafin ɗaki yana kai-komo da gudun da ya haura mita 600 a daƙiƙa. Saurin zamiya kuwa ana auna shi ne da bambancin gudu tsakanin sama da ƙasa a raba da tazarar da ke tsakaninsu. Kamfanonin man injin mota suna gwada mansu a digiri 150 da saurin zamiya miliyan 1 a daƙiƙa, wanda a duniyar injuna babban sauri ne. Idan aka sa wannan sauri a akwati mai nanomita 3, bambancin gudu tsakanin samansa da ƙasansa milimita 3 ne kacal a daƙiƙa, wato kai-komon ƙwayoyin ya ninka shi sau 200,000. Neman wannan bambanci tamkar sauraren raɗa ne a tsakiyar kasuwa.

Dole ke nan a ɗaga murya. Masu kwaikwayo sukan yi amfani da saurin zamiya na biliyan 1 zuwa biliyan 100 a daƙiƙa. Domin a gane girman abin, biliyan 1 daidai yake da a sa ruwa tsakanin faranti biyu masu tazarar milimita 1, a ja na sama da gudun kilomita 1,000 a daƙiƙa. A irin wannan hali dokar Newton takan daina aiki: molekul masu tsawo sukan miƙe su bi hanyar gudu, ruwan ya tsinke, kaurinsa ya ragu. Lambar da aka samu gaskiya ce ga wannan turi, amma ba ita ake nema ba. Sai an maimaita aikin da turi iri-iri, ana rage shi, har a kai inda kaurin ya daina sauyawa, ko kuma a ja layi a yi hasashen inda zai tsaya idan turin ya koma sifiri. Mafi yawan gwanintar wannan sana'a tana cikin wannan jan layi ne, kuma mafi yawan kurakuranta ma a nan suke.

Zafin da ya zama dole a kwashe

Turi yana haifar da zafi, kamar yadda tafin hannu ke ɗumi idan aka murza shi. Ruwan da ake zamar da shi da saurin biliyan 10 a daƙiƙa zai ƙara zafi da fiye da digiri 20 a kowace nanodaƙiƙa, ya tafasa kafin a auna komai. A duniyar zahiri bangon tukunya ne ke kwashe zafi. A akwatin da ba shi da bango, sai an ƙirƙiro madaidaicin zafi na lissafi, wanda ke rage wa ƙwayoyi gudu idan sun yi zafi, ya ƙara musu idan sun huce. Hoover da Evans sun fito da wani iri a farkon shekarun 1980, kowa ta hanyarsa. Wanda ya fi shahara shi ne na Shuichi Nosé ɗan Japan na 1984, wanda Hoover ya sauƙaƙa a 1985.

Wannan na'ura ta lissafi babu irinta a cikin ruwa na gaske, kuma ta taɓa yaudarar masana. A 1984 Jerome Erpenbeck na cibiyar Los Alamos ya ga cewar idan zamiya ta yi tsanani, ƙwayoyi sukan jeru layi-layi kamar tsakiyar carbi, har aka ɗauka an gano wani sabon hali na ruwa. A 1986 Evans da Morriss suka nuna cewar madaidaicin zafin ne ya haifar da jerin: an gina shi bisa zaton cewar gudun ruwan yana ƙaruwa a miƙe daga ƙasa zuwa sama, duk wata karkata kuma yana ɗaukarta zafi ce ya danne ta. Da aka cire wannan zato, sai layukan suka watse. Idan turin mai sauƙi ne, an tabbatar da cewar irin madaidaicin da aka zaɓa ba ya sauya amsa. Idan ya yi tsanani, yana sauyawa.

Juya tambayar

Ga isar da zafi, hanya mafi sauƙi ita ce a ɗumama wani yanki na akwatin, a sanyaya wani, a auna makamashin da ke ratsawa. Nan ma turin ya wuce misali, domin bambancin digiri 20 a tazarar nanomita 10 daidai yake da digiri miliyan 2 a kowace milimita.

A 1997 Florian Müller-Plathe, a lokacin yana cibiyar Max Planck da ke Mainz a Jamus, ya juya al'amarin. Kwararar zafi ita ce mai wuyar aunawa saboda hayaniya, bambancin zafi kuwa yana da sauƙi. Saboda haka sai ya ƙayyade kwararar, ya bar bambancin ya fito da kansa. A kai a kai manhajar takan nemo ƙwayar da ta fi kowa gudu a yankin da ake so ya yi sanyi, da wadda ta fi kowa nawa a yankin da ake so ya yi zafi, ta musanya gudunsu. Mai zafi ya ƙara zafi, mai sanyi ya ƙara sanyi, makamashin kuma ya riƙa komawa ta cikin ruwan. Tunda an san adadin abin da aka musanya ba tare da kuskure ba, abin da ya rage a auna shi ne bambancin zafin. Idan ƙwayoyin biyu nauyinsu ɗaya, jimillar makamashi ba ta sauyawa, don haka ba a ma buƙatar madaidaicin zafi. Masu sanin tarihi sukan tuna cewar a 1867 Maxwell ya kwatanta wata 'yar halitta ta tunani da ke tsaye a bakin ƙofa tana tace ƙwayoyi masu sauri daga masu nawa; ga shi manhaja ta karɓi aikinta. A 1999 Müller-Plathe ya faɗaɗa dabarar zuwa auna kauri.

Inda lambar ke zamewa

Ƙanƙantar akwati tana da nata tasiri. A 1970 Alder da Wainwright suka gano cewar tunawar ƙwaya ba ta gushewa da sauri kamar yadda aka zata: ƙwayar da ke tafiya takan tura na gabanta, su kewayo su turo ta daga baya, kamar ruwan da ke kewaya jirgi. A ƙaramin akwati wannan kewaye yana cin karo da kwafinsa. In-Chul Yeh da Gerhard Hummer sun wallafa gyaran da ake yi wa wannan a 2004, kuma ga ruwa a akwati mai nanomita 3 gyaran ya kai kimanin kashi 10 cikin 100 na lambar bazuwa. A abubuwa masu tauri irin su silikon da ake ƙera kayan kwamfuta da shi, lamarin ya fi muni, domin wani kaso mai yawa na zafi girgiza ce ke ɗauke da shi wadda ke tafiyar ɗaruruwan nanomita ko fiye kafin ta watse. Akwatin da bai kai wannan tsawo ba zai ba da lamba ƙasa da ta gaskiya.

Sannan akwai ƙa'idar ƙarfin da aka ba na'ura tun farko, wadda ita kanta kwatance ce. Wani samfurin ruwa mai suna TIP3P na 1983, wanda aka yi amfani da shi a dubban bincike kan sinadaran jikin ɗan Adam, yana ba da kaurin da bai wuce kusan sulusin na gaskiya ba, bazuwarsa kuma ta ninka ta gaskiya fiye da sau 2. Samfurin TIP4P/2005 da José Abascal da Carlos Vega suka fitar a Madrid ya zo kusa da 0.89 da ake aunawa a digiri 25. Ga ƙarafa kuwa, kwaikwayon ƙwayoyin zarra kaɗai ba ya wadatarwa, saboda mafi yawan zafin cokalin nan na shayi ƙwayoyin lantarki ne ke ɗauke da shi, su kuma sai da lissafin kwantam. Tun daga aikin Jörg Behler da Michele Parrinello na 2007 ana koya wa kwamfuta ƙa'idar ƙarfi daga lissafin kwantam kai tsaye, abin da ya rage wannan matsala matuƙa, ko da yake bai ƙara wa akwati faɗi ba.

Ribar da ba a nema ba

Akwai wata tsohuwar gardama da wannan aiki ya taimaka wajen warwarewa. A 1876 Josef Loschmidt ya ƙalubalanci abokinsa Boltzmann: dokokin Newton ba su bambanta gaba da baya ba, to me ya sa zafi kullum daga mai zafi yake tafiya zuwa mai sanyi? A 1993 Evans da Morriss da E. G. D. Cohen, suna nazarin ruwan da ake zamarwa a kwamfuta, suka lura cewar a ƙaramin akwati, cikin ɗan gajeren lokaci, wani sa'i abin yakan tafi a juye, ruwan ya mayar da zafi aiki. Suka kuma samo lissafin da ke faɗin sau nawa hakan zai faru: yiwuwarsa tana raguwa da sauri mai tsanani gwargwadon girman abu da tsawon lokaci. Evans da Debra Searles sun kafa hujjarsa a 1994. A 2002 aka gwada shi a Kanbera da wani ɗan ƙwallon roba da ido ba ya gani, wanda aka riƙe da hasken leza ana jansa cikin ruwa, aka ga irin wannan juyi har zuwa kusan daƙiƙa 2. An kuma nuna cewar idan turi ya yi sauƙi, lissafin Green da Kubo yana fitowa daga wannan ƙa'ida, wato hanyoyin nan biyu tushensu ɗaya.

Inda ake amfani da shi

Manhajojin aikin a yau kyauta ne ga kowa, irin su LAMMPS ta cibiyar Sandia a Amurka da GROMACS wadda aka fara a Jami'ar Groningen ta Holan. Ana amfani da su wajen nazarin ruwan batir, da robobi, da sanyaya kayan lantarki.

A fannin man injin, turin da ya wuce kima ya zama alheri. Tsakanin haƙoran giya man yakan matse ya koma siririn da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, ƙarƙashin matsin da ya ninka na iskar duniya sau 10,000 ko fiye, kuma tsinkewar da yake yi a nan ita ce injiniya ke son sani. A 2002 Scott Bair da Clare McCabe da Peter Cummings suka gwama sakamakon kwamfuta da na ɗakin gwaji kan wani mai da ake kira sukwalen, suka nuna cewar idan aka yi la'akari da bambancin zafi da matsi, duka biyun suna hawa layi guda.

Akwai kuma inda babu mai iya zuwa. Narkakken ƙarfen da ke tsakiyar duniya yana farawa ne a zurfin kilomita 2,900, alhali rami mafi zurfi da aka taɓa haƙawa, a yankin Kola na Rasha, bai wuce kilomita 12 da 'yan kai ba. Kafin 1998 hasashen da ake yi wa kaurin wannan ƙarfe ya sha bamban da juna ninkin ba ninki. A wannan shekara wata ƙungiya da ta haɗa da Dario Alfè da Michael Gillan ta kwaikwaye shi da lissafin kwantam, ta hanyar zura ido ba turi ba, ta samu cewar kaurinsa bai yi nisa da na narkakken ƙarfe a doron ƙasa ba. A 2012 Monica Pozzo da Alfè da abokan aikinsu suka lissafa cewar yana isar da zafi sau 2 zuwa 3 fiye da yadda aka zata, abin da ya shafi ƙiyasin shekarun daskararriyar cibiyar duniya da kuma bayanin yadda maganaɗisun duniya ya ɗore. A 2016 mujallar Nature ta buga gwaje-gwaje biyu a fitowa ɗaya, dukansu an matse ƙarfe tsakanin lu'ulu'u biyu an ɗumama shi da leza. Ɗaya ya goyi bayan babbar lambar da kwamfuta ta bayar, ɗayan kuma ya samu ƙarama, kusa da tsohon hasashe.